Taron kansila na ranar Asabar: mu je ko mu yi zamanmu?

Baban Hauwa: Salamu alaikum jama'ar unguwa. Na ga an manna takarda a jikin masallaci da wajen mai shayi, wai ofishin kansila na gayyatar kowa da kowa taron jin ra'ayin jama'a ranar Asabar ƙarfe goma na safe a filin firamare. To ni dai tambaya nake, ba da wata manufa ba. Wancan karon na rufe shagona na je, an ce goma amma sai da aka kira azahar kafin manyan baƙi suka iso, muna tsaye cikin rana kanofi biyu ne kacal su ma an ce na manya ne, aka buɗe da addu'a, aka gabatar da wane da wane, mai lasifika ya yi ta kirari, da aka zo kan abin da ya tara mu sai aka ce lokaci ya ƙure mutum uku ne za su yi magana kowa minti biyu. Aka raba fiya wata aka watse. Kwalbatin da muka je dominta tana nan yadda take, bana ma ruwa ya ƙara cin gefenta. In sake rufe shago ko in yi zamana?

Sani Tela: Wa alaikumus salam. Yaya ka yi zamanka wlh. Ni ranar ɗinkin biki ne a hannuna, na bari na je, ko ruwan ma bai zo layinmu ba 😂

Ɗan Keke: Hoto suke nema kawai. A tara mu a ɗauka a sa a Facebook a rubuta Honarabul ya gana da al'ummarsa. Shikenan an gama da mu.

Baba Audu mai ritaya: 'Ya'yana ku yi haƙuri in ɗan sa baki, tsoho ne ni rubutuna a hankali yake. Na yi shekaru ina aikin ƙaramar hukuma tun muna cikin jihar Bauchi, kafin a yanke Gombe a 1996, don haka na ga irin waɗannan tarukan da yawa. Abin da na lura da shi, yawancinmu muna zuwa taron kansila ne kamar mun je gaban gwamna. Kansila ba shi da taskar kuɗi a aljihunsa. Shi wakili ne, yana zama a majalisar kansiloli, su ne ke duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo su amince ko su gyara, su yi dokokin ƙaramar hukuma, su bi sawun aikin da aka ce an yi. Wanda ke sa hannu a fitar da kuɗi ciyaman ne da ma'aji da manyan ma'aikata. To in ka je ka ce masa Honarabul ka yi mana kwalta, zai ce insha Allah, ya kuma san ba zai iya ba, kai ma ka tafi kana jiran abin da ba zai zo ba. Amma in ka ce Honarabul kwalbatin nan tamu ka sa ta cikin kasafin baɗi, kuma muna son mu ji ranar da ka gabatar da ita a majalisa, wannan kam aikinsa ne, ba shi da hanyar zillewa.

Ɗan Keke: Baba da girmanka, amma lokacin neman ƙuri'a ai ba haka ya gaya mana ba. Cewa ya yi har sola zai sa mana a kowane lungu.

Baba Audu mai ritaya: Ɗana wannan kuma tsakaninka da shi ne. Ni abin da doka ta ɗora masa nake faɗa, ba abin da bakinsa ya ɗauko ranar kamfe ba.

Malam Yahuza: Allah ya ƙara lafiya Baba. Bari in ɗora a kan taka. Tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu, kuma in ka karanta za ka ga duk abubuwan da ke damunmu ne a ƙofar gida: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, fitilun titi, sa wa layuka suna da yi wa gidaje lamba, sannan da hannunta a firamare da kiwon lafiya matakin farko. Kenan maganar bola da kwata da katangar maƙabarta ba roƙo ba ne, hakkinmu ne. Sannan kar mu manta ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, ta kuma ce naɗa kantomomi maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa doka. Rabon ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ni dai in na samu lasifika ranar Asabar tambayata ɗaya ce: nawa ke shigowa a wata, kuma me mazaɓarmu ta samu a ciki.

Sani Tela: Malam ai ba za su ba ka lasifikar ba tunda ka faɗa a nan 😂 akwai masu kai rahoto a gidan nan

Ɗan Keke: Hukuncin kotu a takarda ne Malam. Zaɓen ƙananan hukumomin jihar Gombe na 2024 ma ai kowa ya gani, jam'iyya ɗaya ta kwashe ciyaman 11 da kansila 114 duka, ko ɗaya ba a bari ba. Wanda ya san ba ƙuri'ata ce ta kai shi ba me zai sa ya ji tsorona?

Adimin: Jama'a don Allah, dokar gidan nan ba maganar jam'iyya. A tsaya kan taron Asabar. Wanda ke da muhawarar siyasa ga majalisar mai shayi nan a buɗe.

Ɗan Keke: Na janye ranka ya daɗe. Amma dai an ji.

Maman Ummi: Ni duk wannan ba shi ne damuwata ba. Ku maza ko ba komai kun je kun sha rana kun dawo kuna ba da labari. Mu fa? Ƙarfe goma na safiyar Asabar wace mace ce za ta fita, ga wanki ga girki ga yara za su islamiyya, masu sana'ar ƙuli da awara kuma lokacin suke kan wuta. Wancan karon mu bakwai muka daure muka je, aka ajiye mu can baya kusa da janareta ko abin da ake faɗa ba ma ji, da aka ce a ba mata dama sai aka kira shugabar mata ta jam'iyya ta yi godiya ta yi guɗa ta zauna. Alhali mu ne ke ɗebo ruwa, mu ne ke kai yaro asibiti da daddare, mu muka san ranar da ba ma'aikaciya a ɗakin haihuwa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai a tara masu zaman ƙofar gida a tambaye su.

Baban Hauwa: Kai Hajiya, mu ne masu zaman ƙofar gidan kenan 😅 to mun karɓa

Anti Larai: Maman Ummi kin faɗi gaskiya. Ni ma ina da ƙorafi ɗaya, sanarwar nan a masallaci kawai ake yin ta da wajen mai shayi. Mu da ke zuwa coci sai bayan an gama muke ji a bakin maƙwabta, kuma kwatar da ke ambaliya ɗin nan ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga ɗaki. Ba wani abu ba ne mai wuya, a aika takarda ɗaya wa fasto ya karanta ranar Lahadi. Da wannan ɗin ma ba don gurup ɗin nan ba da ban sani ba.

Malam Yahuza: Wannan kam kuskure ne babba, a gyara. Da can ai sanƙira ake sa wa ya zaga unguwa, kowa ya ji da kunnensa.

Idi na Honarabul: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne ke ɗan taimaka wa Honarabul da harkar takardu, tun ɗazu ina karantawa na yi shiru ne don a gama. Wasu maganganun gaskiya ne ba zan musa ba, an makara wancan karon, dalili kuwa an gayyato manya daga sakatariya dole a jira su. Amma don Allah a riƙa yi mana adalci. Ofishin da kuke ji ana cewa ofis, ɗaki ɗaya ne da benci, kujerun roba da kanofi da lasifika da man janareta duk daga aljihunsa ake haya. Kullum kafin ya fito sallar asuba akwai mutane a ƙofar gidansa, wannan takardar magani, wannan kuɗin makaranta, wannan matarsa ta haihu ba ragon suna, wannan an kama ɗansa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ninka. Kuma ai ba taro kawai muke yi ba, an yi gasar ƙwallo ta matasa, an yi buɗa-baki da azumi, an raba wa mata keken ɗinki da injin markaɗe, an yi gayyar yashe kwata kafin damina. Wannan duk ba wanda ya ambata.

Sani Tela: Idi ƙanena, keken ɗinki nawa aka raba kuma su wa suka samu? Don ni tela ne, guda biyu an kawo min shago a ce in saya washegari.

Idi na Honarabul: Yaya wanda aka ba shi ya sayar ai ba laifinmu ba ne.

Maman Ummi: Laifinku ne mana Idi. Kun ba wadda ba ta taɓa zare allura ba don mijinta na bin ku, ga yarinyar maƙwabciyata shekara biyu tana koyon ɗinki a keken aro ko sunanta ba a rubuta ba. Da kun tambaye mu da mun nuna muku.

Kocin Yara: Ni zan kare gasar ƙwallon dai. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da kalare ta yi mana, yara ƙanana da adda a hannu ana amfani da su lokacin siyasa a watsar da su bayan zaɓe. Sati uku da aka yi ana gasar nan yaran da ke kwana a bakin kwari suna shaye-shaye da yamma suna fili, wasu har yau suna zuwa min atisaye. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne an ba da kofi an ɗauki hoto an tafi, ragar gola da aka yi alkawari shiru, filin ma yanzu wani ya fara zuba yashi da bulo a gefensa ban san da izinin wa ba. Ni wannan zan kai ranar Asabar.

Baba Audu mai ritaya: Yauwa, kun ga yanzu an fara magana. Idi ɗana ina da tambaya, kar ka ji haushi. Taron da aka yi wancan karon, wa ya rubuta abin da aka faɗa?

Idi na Honarabul: Baba an ɗauki bidiyo a waya.

Baba Audu mai ritaya: Ba bidiyo na tambaya ba. Takarda. Wadda aka rubuta wane ya kawo kuka kaza, an amsa masa kaza, an ɗora wa wane ya bi sawu, zuwa rana kaza. Ka ga a nan duk matsalar take. Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ko zaman majalisar hakimi akwai magatakarda a gefe da littafinsa, kuma in aka sake zama abu na farko shi ne a karanta na baya a ji me aka yi me ba a yi ba. Mu ma haka muka tarar a sakatariya. Taron da ba a rubuta ba hira ce, kowa ya tashi da abin da kunnensa ya so ji, baɗi a sake taruwa a sake kawo kwalbatin nan kamar yau aka fara ganinta. Kuma ba don a ƙure Honarabul nake faɗa ba, shi ma gata ne gare shi, in ya shiga wajen ciyaman da takarda mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata da na matasa, nauyinta daban ne da ya shiga hannu rabbana yana cewa mutanena sun ce. Na sha ganin fayil ya motsa saboda takarda irin wannan, na kuma sha ganin magana mai kyau ta mutu saboda ba ta da inda za a ajiye ta.

Baban Hauwa: Baba wlh ka taɓo wajen. Don ni na tuna sarai an ce kafin damina za a turo injiniya ya duba kwalbatin, yanzu in na faɗa za a ce yaushe aka ce.

Sista Jummai: Abin da Baba ya faɗa muna yinsa a ɓangaren lafiya. Kowace mazaɓa akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke zama a kan harkar asibitin matakin farko, da shugaba da sakatare, akwai mata a ciki, kuma ana rubuta komai. Ba na ce ba shi da matsala ba, wani lokacin mutum biyar ne ke zuwa, amma da irin wannan zaman da taimakon sarakuna da masu unguwanni da limamai aka shawo kan iyayen da ke ƙin allurar shan inna, har aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta kau daga ƙasar nan a 2020. Ba taron kanofi ba ne ya yi wannan aikin, zama ne kan tabarma a zaure ana maimaitawa wata bayan wata. Ni shawarata kansila ya riƙa leƙo zaman kwamitin nan ma, ba sai ya kira nasa ba.

Ɗan Tumfure: Ni fa tambaya ce da ni kar a yi min dariya. Na tashi a unguwar nan, katina na zaɓe ma a nan yake, amma yanzu na yi gini a Tumfure. Wane kansila ne nawa?

Malam Yahuza: Ba abin dariya ba ne, mutane da yawa na cikin wannan ruɗanin. Garin Gombe ya daɗe da tsallake iyakar ƙaramar hukumarsa. Ƙaramar hukumar Gombe mazaɓu 11 gare ta, irin su Jekadafari, Pantami, Herwagana, Bolari ta gabas da ta yamma, Shamaki, Kumbiya-kumbiya da sauransu, amma Tumfure Akko ce, sakatariyarku tana can Kumo. Wasu sabbin unguwannin kuma sun faɗa Kwami ko Yamaltu/Deba. Kenan ƙuri'arka tana nan, kwatarka tana can. Ka mai da katinka inda kake kwana shi ya fi maka.

Ɗan Tumfure: Ikon Allah. Shekara huɗu ina zagin bawan Allah a kan hanyar da ba tasa ba 😂 Allah ya yafe min

Ɗan Keke: Ni har yanzu ban gamsu ba. A rubuta ɗin, sai me? Kwarin da ke bayan unguwa ya kusa cin gidaje uku, kowa ya san zaizayar ƙasa a garin nan sai aikin jiha da kuɗin Bankin Duniya irin wanda aka yi a wasu wuraren, kansila ko albashinsa na shekara goma aka haɗa ba zai cike shi ba. To me za mu je yi?

Baba Audu mai ritaya: Ba zai cike ba, gaskiya ne. Amma waɗanda aka yi wa nasu kana tsammanin daga sama aka hango su? Wani ne ya rubuta, wani ya kai, wani ya yi ta naci. Kuma kafin babban aikin ya zo akwai wanda ba ya buƙatar Bankin Duniya, a hana masu tifa ɗibar yashi a bakin kwarin, a daina juye shara a ciki, a dasa itatuwa a gefe tunda ga shirin dashen bishiyoyi na jiha nan ana ba da iri. Wannan mai unguwa da kansila da ku matasa kun isa.

Ɗan Keke: Masu tifar nan kuwa ai an san masu su Baba. A bar kaza cikin gashinta.

Maman Ummi: A'a kar a bar ta. A fige ta ranar Asabar kowa ya gani.

Kocin Yara: Hajiya ta ɗau zafi yau 🔥

Idi na Honarabul: To na kira Honarabul yanzu na karanta masa wasu daga ciki, ban karanta masa duka ba gaskiya. Ya ce a gaishe da Baba Audu ya ce shi ɗansa ne. Ya amince a mai da taron bayan la'asar don mata da 'yan kasuwa su samu zuwa, kuma ba za a jira kowa ba, ƙarfe huɗu da rabi za a fara ko da mutum goma ne. Anti Larai gobe zan kawo takardar da kaina ki miƙa mana. Maganar rubutu kuma ya ce ku zaɓi wanda kuka yarda da shi, don in mu muka rubuta za a ce mun rage wani abu. Amma maganar nawa ke shigowa a wata ya ce wannan sai dai a tambayi sakatariya.

Malam Yahuza: Shi da ke amincewa da kasafin bai san nawa ne a ciki ba? To ba komai, zan dai tambaya a gaban jama'a, in ya ce a je sakatariya a rubuta haka ya ce, sai mu sa rana ya raka mu.

Sani Tela: Huɗu da rabi zuwa magariba awa nawa ne? In mai lasifika ya fara kirarinsa sai dai mu ji kiran salla.

Anti Larai: A hana kirarin mana. Addu'ar buɗewa, mai unguwa ya yi maraba, sai a shiga magana. Kuma a fara da mata tunda su za su riga tashi saboda girkin dare.

Baba Audu mai ritaya: Ni idona ya yi rauni ba zan iya rubutun ba, amma zan zauna kusa da mai yi in nuna masa yadda ake tsarawa. Malam Yahuza kai ne malamin makaranta. A samu mace ɗaya ita ma ta riƙe nata littafin, in an tashi a gwada biyun, a buga a manna inda aka manna gayyatar, a turo hotonsa nan ma. Kuma kar a watse sai an sa ranar zama na gaba.

Sista Jummai: Ina da dutin yamma ranar amma zan nemi canji. In bai yiwu ba Maman Ummi ta riƙe.

Maman Ummi: Zan riƙe, amma da Hausa zan rubuta, kar wani ya zo ya ce min sai da turanci.

Baba Audu mai ritaya: Da Hausar ma ya fi 'yata, da ita za a yi maganar ai.

Ɗan Keke: Ni dai zan zo in tsaya daga baya in ga ƙarshen abin. In an fara huɗu da rabi daidai, na yi alkawarin mai da tsofaffi gida kyauta sawu biyu.

Adimin: An rubuta wannan ma 😂

Baban Hauwa: To shikenan, yaro zai tsare min shagon. Wanda ke da hoton kwalbatin nan na lokacin ruwan watan Agusta don Allah ya turo min, nawa ya tafi da tsohuwar wayata. Idi kuma ka gaya wa masu kanofi wannan karon su kafa ɗaya a ɓangaren mata, nesa da janareta.